Larabar da Wuta Ta Ɗauke

Damina ta yi gardama bana, kuma tun da sojoji suka hau mulki masu agaji suka tattara nasu ya nasu. Suka bar Ɗan'azumi a buron ƙungiyar manoma ta Matameye, wato ofishinsu, da ordinatar, kwamfutar da ke tura wa ƙauyuka saƙon ranar rabon hatsi. Ranar Alhamis da hantsi sai ga kakarsa Baiwa daga Kurni. Ni maƙwabcinsa ina zaune a wurin, tausayinsa na ji, don na san bakin tsohuwar nan.

"Sannu da zuwa, amaryata. Ya hanya?" in ji Ɗan'azumi.

"Hanya ta fi ka kirki, angon banza. Mun je magaza inda ake ajiye hatsi, an ce jiya aka raba, ko tsaba ba ta rage ba. Wa ya rubuto mana Alhamis?"

"Na'ura ce."

"Ita ke cin tuwo a gidanku?"

"Ke da ba ki da haƙoran tauna, me za ki yi da gero?"

"Kunu ba ya neman haƙori. Faɗi gaskiya, mai kan tulu."

Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai. "Akwai gurbin da ake sa mata rana, daga nan take ɗauka ta tura. Da aka dawo da rabo Laraba, na buga mata Laraba a baƙin allon umarni, ban rubuta cikin fishiye ba, wato ma'ajiyar bayanan da take karantawa kullum. Wuta ta ɗauke, na'ura ta manta. Da ta tashi sai ta ɗauki tsohuwar ranar."

"Ashe mantuwa gare ta kamar mai ita! Da ni ka gaya wa, da Kurni duka ta ji kafin la'asar."

"Har ƙauyen Tsauni ma, da ƙari. Wallahi layi ɗaya ne, Kaka. Da na sani..."

"Ƙeya ce, a baya take. Mu goma sha huɗu muka tako da ƙafa, har Maryama mai goyo."

Nan zolaya ta ƙare masa. Ya shiga ciki ya jawo rabin buhun da ya samu jiya.

"Kin ci ni. Ga sadakinki."

Ta yi dariya, ta taɓa buhun. "Na karɓa, za mu raba da tiya. Amma gafara ba a wurina take ba. Ka zo Kurni ka roƙi Maryama da bakinka, kada ka aiko na'ura."