Rasuwar Ofis, Kujerar Baba ta Baranda

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da ragowar fargaba, ni Auta, a madadin Baba da sauran mutanen gidanmu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar doguwar kujerar saƙa ta barandarmu, wadda kowa ya fi sani da suna Ofis. Ta rasu ranar Talata da hantsi tana da shekara shida a duniya. Baba yana kanta lokacin da rai ya yi halinsa.

Yaya ce ta kawo marigayiyar gidan nan, ɗaure a saman mota, shekarar da Baba ya yi ritaya daga gidan waya. Wanda bai san Yaya ba, ita ce babbarmu, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai nisan awa huɗu daga nan, kuma ba ta maimaita magana. Mai shagon ya tabbatar mata kujerar ba ta jin ruwa, ba ta jin rana. Saƙar roba ce ruwan ƙasa a kan bututun ƙarfe, tana da majingina mai hawa uku. Baba ya raɗa mata suna tun a makon farko. Yana gama shan shayi sai ya ɗauki rediyo ya ce, "To, ni na tafi ofis," ya yi taku goma ya miƙe a kanta.

Mun shaide ta da haƙuri. Rana ta dake ta shekara shida ba ta koɗe ba. An zubar mata da shayi, an ɗiga mata maganin tari, kyanwa ta wasa farce a gefenta, ba ta taɓa kai ƙara ba. Da aka yi wa Baba aiki a ƙugu shekara biyu da suka wuce, gado ya gagare shi, kujerun falo suka gagare shi, ita kaɗai ta karɓe shi. Maganarta ba ta wuce biyu ba. In ya zauna ta ce ƙiiƙ, in ya gyara kwanciya ta ce ƙyas.

Yaya ta bar mini dokokin kula da ita guda huɗu. A wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai laushi. A shigar da katifarta ɗaki kullum da yamma. A rufe ta in hadari ya taso. In kuma ruwa ya riga ya dake ta, a kifa ta domin wanda ya shiga bututun ya tsiyaye. Uku na farko ban taɓa fashi ba. Na huɗun na yi shi damina ɗaya na bari, saboda ruwa yana ɗaukewa Baba yake fitowa da rediyonsa, ni kuma ina saurin tafiya makarantar da nake koyarwa. Na ce ai an ce ba ta jin ruwa.

Ciwon ajalinta ya bayyana a daminar bara. Ina shara na ga jan ruwa a kan siminti, ƙarƙashin ƙafarta ta baya ta hagu. Na buɗa saƙar da yatsa. Ƙarfen ya ci, yana ɓarɓashi, farcena ma yana shiga. Daga waje kuwa fes take, kamar ranar da aka sauke ta daga mota.

A nan ne ya kamata in kira Yaya, ban kira ba. Tun da aka yi wa Baba aiki take cewa ya koma wurinta, gidanta babu matakala, asibiti yana kusa. Duk zuwanta sai ta ƙirga ƙwayoyin maganinsa, ta shafa ƙasan banɗaki da tafin ƙafa ta ji ko akwai santsi. Baba kuwa ba ya son barin layin nan, inda duk mai wucewa yake ɗaga masa hannu. Na san jan ruwan nan kaɗai ya ishe ta hujja. Sai na ɗauko waya da filaya na ɗaure ƙafar tamau, na ja saƙar na rufe, na goge simintin. Na ce in an yi hutu zan kai ta wurin mai walda. An yi hutu uku ban kai ba. Muryarta ta sauya, ƙiiƙ ɗin ya yi tsawo, yana ƙarewa da wani ɗan nishi. Kullum Baba zai zauna sai in riƙe numfashi har ya gama jingina.

Yaya ta zo ranar Litinin. Washegari da hantsi Baba yana kwance a Ofis, ta naɗa masa abin awon jini a damtse tana matsawa, ni ina tsaye da tiren shayi. Ta ce ya ɗan matso sama. Ya dafa, ya ɗaga jiki. Marigayiya ta yi kalamarta ta ƙarshe, ɓas, ƙafar ta lanƙwashe, ta juye da shi ta ɓangaren ƙugun da aka yi wa aiki.

Ban san lokacin da na saki tiren ba. Baba yana ƙasa, ido a rufe, hannunsa ɗaya a ƙarƙashinsa, bai yi ko tari ba. Rediyon ya gangara gindin fulawa yana ci gaba da karanta labarai.

Na yi kansa zan ɗaga shi, Yaya ta daka mini tsawa. "Kar ka taɓa shi!"

Ta durƙusa ta sa yatsu a wuyansa. "Baba. Baba, kana ji na? Buɗe ido."

Ban san ko daƙiƙa nawa ba ne. Matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ƙame a bakin ƙofa. Can sai ya buɗe ido ya ce, "An tashi ofis ke nan?"

Babu wanda ya yi dariya. Yaya ta gwada tsawon ƙafafunsa, ta sa ya motsa yatsu, ta ce in kawo bargo da maƙwabcinmu mai kanti. Mu huɗu muka ɗauke shi a miƙe zuwa mota. Wuyan hannunsa ya riga ya kumbura. Da ta koma ɗauko jakarta, sai na hango ta tsugune gaban gawar. Saƙar ta yage, wayar tana waje tana ƙyalli.

Ta zo bakin mota da guntun wayar a hannu. "Wa ya ɗaure wannan?"

Daga kujerar baya Baba ya ce, "Ni ne. Na ga tana rawa na ɗaure."

Yaya ta dubi hannuwan Baba, waɗanda shekara uku ke nan ko maɓallin riga sai an sa masa. Ta dube ni. Ta sa wayar a aljihu ta ce, "Ja mota."

Awa biyu muka yi a bencin ɗakin hoto na asibiti. Yaya ta gaya mini tun a hanya, a taƙaice, cewa in ƙarfen da aka sa masa a ƙugun ya goce, a shekarunsa ba lallai ya sake takawa ba. Duk wanda ya fito da farar riga sai in miƙe. Ita ba ta motsa ba, idonta a kan ƙofa. Na kasa jurewa.

"Yaya, ni na ɗaure. Tun bara na gani."

"Na sani."

"Tsoro na ji kar ki tafi da shi."

Sai a lokacin ta juyo. "Auta, ka gwammace ya faɗi a gidanka da ya zauna lafiya a nawa?"

Can likita ya fito ya ce ƙugu yana nan daram, wuyan hannu ne ya tsage. Yaya ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Rabona da ganin kukanta tun ina firamare.

Mai walda ya duba gawar ranar Laraba. Ya ƙwanƙwasa bututun da guduma, tsatsa ta zubo ta cika tafin hannunsa. Ya tabbatar ƙafafu uku cikin huɗu sun daɗe da mutuwa, saƙar ce kawai take rufa musu asiri, kuma babu wurin da wuta za ta kama.

Marigayiya ta rasu ta bar katifa ɗaya mai zane, wadda ba ta san inda za ta kwanta ba yanzu, da ƙaramin teburin shayi, da kujerun roba biyu da Baba ya ce ko kyauta ba ya so. Ta bar kyanwa tana zagaya wurin tana shinshina siminti. Ta bar Baba da hannu a filasta. Zai bi Yaya ya yi sati shida har a cire. Ban yi musu ba, ba ni da bakin yi. Shi dai ya sa matata ta haɗa masa kaya a ƙaramar jaka, ya faɗa da ƙarfi yadda Yaya za ta ji daga falo cewa riga huɗu sun ishi baƙo. Yaya ta ji, ba ta ce a ƙara ba.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga baranda zuwa bakin get, inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai jira da kurarsa. Baba ya ce sai ya ga tafiyarta kafin ya shiga mota, don haka ana roƙon jama'a kada su makara. Masu zuwa ta'aziyya su taho da abin zamansu, kuma kowa ya duba ƙafafun nasa kafin ya baro gida.

Game da masu ɗaukar gawa, an samu. Kwana uku Yaya ba ta ce mini komai ba sai lokacin magani. Yau da safe ta same ni ina naɗe katifar, ta ce ita za ta kama wajen kai, ni in kama ƙafafun.