Ranar da Na Sa Dattijo Ya Durƙusa wa Ɗan Bindiga

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Batsari, ranar da na tara iyayen yara a aji ɗaya na haska musu wautata a jikin bango da majigi, har da lasifika don kada na baya su ce ba su ji ba.

Shekarata ta biyu ke nan ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a garin. Ni ɗan birnin Katsina ne, turo ni aka yi, daji kuwa ban san shi ba sai ta tagar mota. Abin da na sani shi ne wasan kwamfuta, irin wanda ake sakar maka duniya guda ka shiga inda ka ga dama, in kana son faɗa ka yi, in ba ka so ka tsaya hira da mutanen ciki. Daga buga na wasu sai na fara haɗa nawa. Na zana ƙauye da 'yar kasuwa, gonakin gero har bakin daji, na zuba 'yan bindiga a kan babura. (Na gaya wa kaina wai so nake yara su ga yankinsu a allo. Gaskiyar magana so nake a ce malamin nan ƙwaro ne.)

Burina shi ne in buɗe ƙungiyar koyon haɗa wasa, yara su riƙa tsayawa awa ɗaya bayan an tashi. To awa ɗaya a Batsari ba abin wasa ba ce. Wasu yaran daga ƙauyuka suke zuwa, babu uban da ke son la'asar ta yi wa ɗansa a hanya. Shugaban makaranta ya ce ba zai sa hannu ba sai iyaye sun yarda a taron iyaye da malamai. In sun ce a'a, kwamfutocinmu shida za su ci gaba da zama a lulluɓe da tsohon zani, ni kuma in ci gaba da zana linzamin kwamfuta a allo da alli.

Kafin taron na sha karatu a intanet, inda masu haɗa wasanni ke ta musu. Abu biyu na ɗauko na rungume. Na farko, wai abokin gaba marar dalili ba mutum ba ne, buhu ne kawai aka rataye maka ka yi ta duka. Na biyu, wai wasa mai kyau sai an daidaita faɗa da hira, kada ɗaya ya cinye ɗaya. Shi ke nan, kaina ya ɗau zafi.

Sati uku na yi a kan shugaban 'yan bindigar nan. Na sa masa suna Tanimu. Na ba shi tsohuwar uwa mai ciwon ƙafa, na ba shi shanun da aka kwashe masa yana saurayi, da ƙarar da ya kai aka yi ta cewa ya dawo jibi. Na yi wa mai wasa hanya biyu: ko ya far masa da harbi, ko ya nemi sulhu. In sulhu ka zaɓa, sai ka durƙusa ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ɗaya bayan ɗaya, in ka tsallake guda ya fusata. Muryarsa ma ni na naɗa da bakina, na ƙudundune cikin bargo da rana tsaka don kada ƙarar janareton maƙwabta ta shiga. Na fito sharkaf da gumi ina jin na yi abin tarihi.

Sai kuma na tuna ka'ida ta biyu. Hira ta yi yawa, yara za su yi hamma. Don in daidaita, na dasa manoma a bakin daji, na saita duk bayan minti biyar babura su fito su afka wa ɗaya, mai wasa ya samu abin harbi. In manomin ya faɗi, wani ya ɓullo a gurbinsa. Na sa musu suna Manomi na Ɗaya, Manomi na Biyu, Manomi na Uku. Magana guda na ba su duka: "Wayyo, a taimake ni!" Aikin bai ci min minti goma ba.

Ranar taro na sha shaddata har da turare. Aji ya cika, maza a kan benci, mata a gefe guda. Da yawansu mutanen Ruma ne da ƙauyukan kewaye, waɗanda hare-hare suka taso suka dawo cikin gari. Na san wannan sarai, ba wai ban sani ba. Kawai dai ban haɗa shi da abin da ke cikin kwamfutata ba.

Na yi ta zuba a kan dalilan abokin gaba da daidaiton faɗa da hira, jama'a suna gyaɗa kai irin na ladabi. Da na gama, don burga, na tambaya ko akwai mai son gwadawa. Na ɗauka babu wanda zai motsa. Sai wani dattijo ya miƙe, Malam Garba, mutumin wajen Ruma, wanda jikarsa ke aji biyu. Shekara biyu ke nan da barin gonarsa, yana zaune a gidan ƙaninsa a Batsari. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Na nuna masa madannai huɗu na tafiya da ɗaya na magana, ya yi bismilla ya sa yatsa.

Ya yi tafiyarsa a natse, yana duba gonaki. Da ya kusa daji sai ya tambaya wa ya shuka gero a nan. Aji ya ɗan yi dariya. Ni ma na yi, na ɗauka yabon zanena ake yi.

Ya iso wajen Manomi na Uku, yana sunkuye da fartanya. Ya tsaya. Ya juyo ya ce da ni, "Malam, ina ake dannawa a yi mishi sannu da aiki?"

Na ce ai babu wannan. Ya danna madannin magana duk da haka. Lasifika ta ce, "Wayyo, a taimake ni!" Ya sake dannawa, ta sake cewa haka. Ya ce shi dai bai saba wuce mutum a gonarsa bai gaishe shi ba. Ni kuwa, da bakin nan nawa, a gaban aji cike da manoma, na ce, "Baba, rabu da wannan, ba shi da wani muhimmanci. Mu je gaba inda labarin yake."

Ban rufe baki ba minti biyar ta cika. Babura suka fito daga daji. Malam Garba bai san madannin harbi ba, don ban nuna masa ba. Yana tsaye aka kayar da manomin. Kafin a ƙifta ido wani ya ɓullo a daidai wurin, da fartanya iri ɗaya, ya sunkuya ya ci gaba da noma. Wata mata daga baya ta yi salati a hankali. Dariyar ɗazu ta ɗauke ɗif.

Mai hankali a nan zai rufe kwamfuta ya ce wuta ta samu matsala. Ni sai na yi tunanin ai ba su ga wurin da na yi ƙoƙari ba tukuna. Na karɓi madannai na kai shi har gaban Tanimu, na zaɓa masa sulhu. A jikin bango, mutumin da Malam Garba ke tuƙawa ya zube gwiwa biyu a ƙasa. Gaisuwa ta jeru, kuma da yake dattijon ba ya karanta boko, ni na riƙa karanto masa da ƙarfi yana dannawa. Ranka ya daɗe, barka da hutawa. Ya iyali. Ya dabbobi. Ya Inna da ƙafa. (Har da ƙafar Inna, jama'a. Ban manta komai ba.)

Sai lasifika ta buɗe da wata ƙatuwar murya mai rawa: "Ni ma an zalunce ni!"

Babu wanda bai gane muryar ba. Aji gaba ɗaya ya juyo yana kallona. Shugaban makaranta ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam Garba ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. Bai ɗaga murya ba, ko fuska bai ɓata ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ya ce ban yi ƙarya ba. Ya ce wanda ya kore masa shanu, shi Malam Garba ya san uban yaron, sun sha cin kasuwa ɗaya, ya san abin da aka yi wa gidansu, kuma sanin bai dawo masa da ko maraƙi ba. Sannan ya nuna bango ya ce, "Dalilin mai bindiga mun daɗe da saninshi, Malam. Shi wancan mai fartanya, ya san suna cikin daji, mi ya hito da shi gona? Shi ne ba ka tambaya ba."

Aka zo maganar ƙungiya, wani uba ya ce a bar ta tukuna, sauran suka ce haka ne. Aka shafa fatiha aka watse. Ni kaɗai na naɗe wayoyin majigi, ko mai taya ni ban samu ba.

Ranar Litinin na je ba da haƙuri. Na same shi a ƙofar gidan ƙanin nasa yana tufka igiya. Ya bar ni na gaishe shi tun daga kwana har gajiyar taro, bai rage min ko guda ba. Da na fara kame-kame ya ce ya wuce. Sai na yi tambayar da ya kamata in yi tun farko. Ya ce abin da ke fitar da mutum gona rumbu ne da aka ga ƙasansa, da yaran da ba sa jin bayani in yunwa ta zo. Ya ce ba a zuwa ɗai-ɗai, ƙungiya ake yi, mutum guda ya hau bishiya yana duba hanya. Babur kuwa ana ajiye shi ne fuskarsa na kallon gida, makulli a jiki. Kuma mai hankali ba ya shuka gero a bakin daji yanzu, don in ya yi tsawo mutum yake ɓoyewa, sai dai wake ko gyaɗa. Ashe dariyar da aka yi ran nan ba yabo ba ce.

Na tambaye shi ko in goge Tanimu. Ya ce in bar shi da dalilansa, amma in tayar da mutum daga durƙuson nan.

Zango guda na yi ina gyara. Na tuge geron bakin daji na shuka wake. Manomi na Uku ya zama Malam Idi, mai 'ya'ya huɗu da bakin tsiya, ana gaishe shi yana amsawa, in ka yi sauri ya tambaye ka ko korar ka aka yi. Na kuma cire ɓullowar nan. In ya faɗi ya faɗi ke nan, gonarsa ta koma ciyawa, duk lokacin da ka bi ta wurin sai ka gan ta. A taro na gaba iyaye suka ba ni rabin awa, ga yaran cikin gari kawai. Ban yi musu ba, na karɓa hannu biyu.

Yaran suna ƙorafi wai gaisuwar Malam Idi ta cika tsawo. Amma da sun ji ƙarar babura, ka ga yadda suke rugawa gonar nan, har da masu ihu a bar musu madannai. Daidaiton faɗa da hira da na yi ta nema a intanet, ashe gaisuwa ce ta rage.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: kafin ka zauna binciken zuciyar mai bindiga, fara yi wa mai fartanya sannu da aiki. Sannan ko me za a yi, kada ka naɗi muryar mugu da bakinka. Har yau in na taya tumatir a kasuwar Batsari na ce ya yi tsada, sai mai tumatir ya dube ni ya kumbura murya ya ce, "Ni ma an zalunce ni, Malam."