Buhun Shansherar Malam Maharazu

"Lafiya lau, ya yaran, ya mai jiki... A'a, tsaya! Wa nake gani haka da buhu a bayan babur kamar wanda ya yi sata a gonar mutane?"

Baraka ce ta katse gaisuwar da take yi da maƙwabciyarta. Tana tsaye a ƙofar gidanta a Kura, tana baza turararriyar shinkafa a kan tampol, hantsi ya fara zafi. Mai babur ɗin kuwa Malam Maharazu ne, ɗan gwaggonta, taubashinta, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana koyar da lissafi a ƙaramar sakandaren da ke bakin kanal.

Abin da ya kawo shi ba na daɗi ba ne, amma shi bai sani ba tukuna. Makon jiya yana tsaka da koya wa 'yan aji biyu riba da faɗuwa, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai ka taɓa cin ribar?" Aji ya tuntsire da dariya. Zuciya ta ɗebe shi, ya yi musu alkawarin zai yi ciniki da kuɗinsa, ya kawo musu sakamakon a kan allo. Albashi na shigowa ya zare dubu hamsin, kuɗin da matarsa Murja ta sa ran na cefanen wata ne, ya nufi kasuwar Bunkure ya sayo buhun shanshera, shinkafar da ba a cashe ba.

"Uwar hayaƙi," ya ce yana kafe babur, "ba sata ba ce, arziki ne na kawo miki ki taɓa, ko Allah ya sa ki yi albarka."

"Bawa ya fara yi wa uwar gijiyarsa magana a tsaye? Durƙusa, ɗan mace."

"Ni ne bawan? Ni da gwamnati ke biya duk wata?"

"Ai shi ya sa wuyanka ya yi kamar mariƙin lema. Sauke mu gani."

Ya sauke buhun da ƙyar, har hularsa ta faɗi. Ya kakkaɓe ta, ya zaro wata takarda daga aljihu, ya gyara murya irin ta aji.

"Saurara ki ƙaru. Buhu kwano nawa ne?"

"Arba'in."

"Kwanon shinkafa nawa a kasuwa?"

"Dubu uku."

"Madalla, ashe kan yana ja. Arba'in sau dubu uku, dubu ɗari da ashirin. Cire hamsin da na sayo, saura saba'in. Riba kashi ɗari da arba'in cikin ɗari. Ki turara min, ki kai inji, ni kuma in kai kasuwa."

Baraka ta riƙe haɓa ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Malam, da haka abin yake, da tuni na je Makka sau tara, har turamen bakina na zinare ne. Wannan ai lissafin dokin Rano ne."

"Hassada ga mai rabo taki ce."

Ta kwance bakin buhun, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta damƙo. Ta ciji ƙwaya ɗaya, ta hura sauran a tafin hannunta, wasu suka tashi sama kamar fara.

"Ɓuntun fa?" in ji ta. "Shi ma dubu uku za ka sayar da kwanonsa?"

"Wane ɓuntu?"

"Rigar da ke jikin shinkafar. Ko ku a makarantarku da ɓawonta kuke ci?"

Ya dubi takardarsa, ya juya bayanta, ya sake juyowa.

"Littafin bai kawo ɓuntu ba."

"Ai littafin bai taɓa shan hayaƙi ba. Mai kyau ma, arba'in ɗin nan ashirin take komawa. Taka kuwa da danshi aka ɗure ta, ga holoƙo marar ƙwaya a ciki. In ka samu sha takwas ka yi sadaka. Cikin sha takwas ɗin, biyu tsaki ne, rabin kuɗi."

Kansa ya riga bakinsa aiki, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

"Sha shida sau dubu uku, arba'in da takwas. Tsaki dubu uku. Hamsin da ɗaya." Ya ɗan yi murmushi. "To ai da sauran riba, dubu ɗaya."

"Itacen da zan hura, iska ce za ta kawo shi? Dubu ɗaya da ɗari biyar. Mai inji surukinka ne? Dubu biyu. Mai baro ɗari biyar. Ni kuma da zan shanye hayaƙi, dubu biyu, don ma kai ne."

"Dubu shida." Ya zauna a kan buhun. "Saura arba'in da biyar. Faɗuwar dubu biyar, kashi goma cikin ɗari."

"Ka ga yadda ka yi sauri? Ashe a faɗuwa ka fi ƙwarewa."

"Bari kawai, Baraka. Garin neman ƙiba na samo rama. Kin san abin takaicin? Mai shansherar dubu hamsin da biyu ya ce, na taya hamsin, ya ce ya sallama tun ban rufe baki ba. Ni kuma na ɗauka kwarjinina ne."

"Kwarjinin alli!"

"Har na taya shi lissafin canjin wani mai saye. Ya yi min godiya, ya ce Allah ya ƙaro irina a kasuwa. Na ce amin."

Baraka ta yi dariya har ta dafa bango.

"Ya ba ni lambar wayarsa ma. Ya ce duk ranar da na samu albashi in kira shi, shi zai zo har gida."

"Ai kai ba abokin ciniki ba ne, gonar rani ce. Duk wata a yi girbi."

"Shekara goma sha ɗaya ina cewa yara, wani mutum ya sayi kaza ya sayar kaza, nawa ya ci. Ban taɓa tambayar ko mutumin nan yana da gida ba. Ashe shi a littafi yake zaune, ba ya sayen itace."

"To yanzu me za ka ce wa yaran?"

Nan ne dariyar ta ɗan tsaya masa. Yawancin 'yan ajin nan 'ya'yan manoma ne da masu turara, kowa ya san ɓuntu tun yana goye. Watakila ma shi ya sa suka yi dariya tun farko. Ga kuma Murja, wadda ya ce wa ta yi haƙuri da miyar kuka sati ɗaya, nama na tafe.

"Zan iya cewa ɓarayi sun tare ni."

"Su ɗauki me? Danshi?"

"Ko in ce har yanzu ana ciniki."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam. 'Ya'yan maƙwabtana uku a ajinka suke. Kafin ka isa gida labarin ya riga ka."

Ya share gumi da hular.

"Shi ke nan. Zan rubuta shi yadda yake, da ɓuntun da itacen da mai baro. In sun yi dariya su yi, ai ba su taɓa samun darasin da malami ya biya kuɗinsa ba."

"Yanzu ka yi magana. Na yafe maka dubu biyun nawa, ba a karɓar lada a hannun bawa."

"Faɗuwa ta dawo dubu uku, kashi shida cikin ɗari."

"Kai, rufe bakin nan kafin ka lissafa mu mu talauce!"

Maharazu ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya haɗa da takardar ya miƙa mata da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"An ce wanzami ba ya son jarfa, amma yau na miƙa wuya. Malama, duba min aikina."

Baraka ba ta yi boko ba, amma ta karɓa, ta ɗora takardar a cinya, ta zana ƙatuwar da'ira tun daga sama har ƙasa.

"Sifiri kam na iya rubuta shi."

Sai ta shiga gida ta fito da kwano cike da shinkafarta, fara tas, ta juye masa a leda tana dariya.

"Ungo, kai wa Murja. Ka ce mata ribar ce ta fara shigowa. Sauran bayanin kuma ka jira sai ta ƙoshi."