Yadda Na Shayar da Fijo Lemo a Hanyar Maiyama

Jama'a, ku yi mini jaje, in kun gama kuma ku yi mini murna, don ni kaina har yanzu ban tantance wanda ya fi dacewa da ni ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na kashe motar mutane a hanyar Maiyama. Ban yi karo ba, ban kuma faɗa rami ba, ko da yake ramukan suna nan birjik, Allah Ya ƙara wa masu kiwonsu lafiya. Da hannuna na kashe ta, da ilimina, da kuma soyayya.

Akwai wata yarinya a Maiyama, sunanta Rahinatu. Duk inda kuka ga na rubuta "farin wata" a wannan fili, to ita nake nufi. Mai ba da aurenta ƙanen mahaifinta ne, Baffa Tamu, tsohon da ya ƙi jinin alkawari kamar yadda akuya ta ƙi jinin ruwan sama. Yana da dalilinsa. Shekara da shekaru shi ake sawa ya tara jama'a a bakin hanya duk ranar da aka ce wani babba zai zo. Su share gari, su yanka rago, su tsaya a rana, can da yamma a aiko cewa mai girma ya wuce ta wata hanyar. To shi ne ya aiko wa Gwaggona da saƙo: "Ki ce ma yaron nan mai biro shi taho ran Jumma'a in gane shi da idona, kahin rana ta hwaɗi. In ta hwaɗi bai zo ba, shi yi zamanshi Jega. Masu biro sun ishe mu da 'za mu zo'."

Da mai hankali ne, da ya je tasha ya shiga motar haya. Amma ni na karanta littattafai da yawa, kuma a cikinsu ban taɓa ganin masoyi ya sauko daga bayan a-kori-kura tsakanin buhu da tunkiya ba. Saboda haka tun ranar Alhamis na tafi Aliero wurin ɗan Gwaggona, Almustapha mai fataucin albasa, na roƙe shi aron Fijonsa. Motar da yake wankewa da kansa, yake kiranta Amarya.

Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo makulli. Ya ce, "Hayatu, fanbel ɗinta ya tsuhwa, ya tsattsage. Shi ka juya hwanka da ruwan inji, in ya tsinke mota ta dahu. Na nemi sabo har Sakkwato, an ce suna bisa teku. Ka sa ido ga allurar zahi. In kag ga ta tahi ja, ka tsaya. Ka jiya?"

Na ce na ji. Kuma Allah Ya sani na ji, kamar yadda manyanmu suke jin kokenmu.

Da asubahin Juma'a na shiga layin mai a Jega. Kun san layin, ba sai na ɓata tawada ba. A nan na iske maƙwabcina Kalilu na Sabon Gari, ya jingine babur ɗinsa ya shimfiɗa tabarma, har da butarsa.

Ya ce, "Ango, ina za a da wagga babbar riga?"

Na ce, "Maiyama. Akwai man kuwa?"

"Akwai mana. Ba ka ji rediyo ba? An ce ƙasa cike take da mai."

"To me ya hana layin tafiya?"

"Layin gaba na tahiya. Kai dai ka shigo na talakawa."

Na ɗaga kai, gaskiyarsa. Ta ƙofar fita motocin Masu Abu da Abinsu suke shigowa, a cika musu tanki, a cika jarkoki, a rusuna musu su wuce. Ban yi fushi ba. Ai dole a fara ba su, tunda su ne ke yawon gaya mana mu ƙara haƙuri, kuma yawo ba ya yiwuwa sai da mai. Sai bayan an sauko daga masallaci layi ya iso kaina.

Na kama hanya rana ta karkata, zafin bazara kamar a gasa gurasa a kan kwalta. A kujerar baya ga goro, ga akwakun lemon kwalba na surukai. A aljihuna kuma ga hankicin da Rahinatu ta ɗinka mini, da 'yar kurciya a tsakiya. To a nan shaiɗanin adabi ya raɗa mini cewa bai kamata wannan kurciya ta zauna cikin duhun aljihu ba. Na ciro ta na shimfiɗa a gabana inda zan riƙa ganinta. Wato daidai kan allurar da aka ce in sa wa ido.

Na taka mota, ina tsara baitin da zan aika wa Rahinatu ta hannun ƙawarta. Ina neman kalmar da za ta dace da "zuciya" sai na ji wani abu ya yi tas a gaba. Na ce tsakuwa ce. Can na ji ƙauri. Na ce manoma ne ke ƙona sassabe, har na yaba musu da himma. Sai da hayaƙi ya turnuƙe daga bakin motar, ta fara tari tana jijjiga kamar mai masassara, sannan na ɗaga hankicin. Allura ta wuce ja, tana neman inda za ta ƙara.

Na gangara gefe na buɗe gaban mota. Fanbel ya tsinke, guntunsa na reto kamar saɓar maciji. Lagireto kuwa, inda ruwan inji yake, sai kuka yake yi kamar tukunyar dambu.

Amma dubi ikon Allah: daidai inda na tsaya ga famfo, sabo fil, an shafe shi da fenti, an kewaye shi da siminti, da allo mai ɗauke da jerin sarautun Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle wanda ya buɗe shi bara. Na ce ashe dai muna zaluntar bayin Allah nan da baki. Na kama hannun famfo na yi ta bugawa. Na buga har kafaɗata ta amsa. Abin da ya fito ƙadangare ne guda, ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya koma ciki. Daga baya aka ba ni labari cewa ranar buɗewa ruwa ya zuba sosai, don tun daren jajibiri aka kawo shi a tanka. Wannan ai tsari ne. A ƙasashen da ba su ci gaba ba sai an sha wahalar haƙa har a tarar da ruwa kafin a yi biki.

Ina nan tsaye sai ga jiniya. Jerin motoci baƙaƙe, sun taso daga wajen Jega. Na fito tsakiyar hanya ina ɗaga hannu biyu ina ihun a taimaka da ruwa. Wani hannu mai zobba ya fito ta taga ya ɗaga mini, aka wuce. Ina jin yanzu haka an rubuta cewa jama'ar yankin sun fito ƙwansu da kwarkwata sun yi tarba.

Na dubi rana, ta fara ja. Na tuna Baffa Tamu. A nan ne ilimi ya motsa, kuma Hausawa sun gama magana da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na ce inji ruwa yake so, lemo kuma ruwa ne, har ya fi ruwa daraja tunda saye ake yi. Na naɗe hannuna da hankicin Rahinatu na murɗe murfin lagireto. Tururi ya yi tsiri sama, na yi tsalle baya, kurciya ta koma baƙa ƙirin. Na bi kwalaben surukai ɗaya bayan ɗaya ina buɗewa da haƙori ina ɗura wa Amarya. Tana sha tana kumfa.

Saura fanbel. Na taɓa karantawa a wani littafin Turawa cewa haka ta faru da wani saurayi, budurwarsa ta cire doguwar safarta ta ba shi ya ɗaura, suka isa gida lafiya. Ni babu budurwa a gefena, kuma ko tana nan, 'yan matanmu ba sa sa safa da bazara. Na laluba jikina. Abu ɗaya ne mai tsawo da ƙwari: mazagin wandona. Na dubi gabas na dubi yamma, na zare shi, na zagaya shi inda fanbel yake, na ƙulle tam.

Wallahi motar ta tashi. Ina so a rubuta wannan a tarihi. Ta tashi, ta yi tafiya kamar daga nan zuwa inda ake jin kiran salla, ni kuma har na fara tunanin rubuta littafin kanikanci da Hausa. Sai ƙanshin alewa ya cika motar. Sai na ji wani ƙara daga cikin inji kamar maƙeri ya saki guduma a kan uwar maƙera, ƙwal, sau ɗaya. Daga nan shiru. Mazagi ya ƙone, inji ya buga, ƙudan zuma kuma suka fara zuwa ta'aziyya.

Na zauna a bakin hanya, hannu ɗaya riƙe da wando, na yi kuka. Ba na jin kunyar faɗa. An ce kayan aro ba ya rufe katara, ni ga nawa na kaina ma ya ƙi rufewa.

Wanda ya cece ni shi ne direban wata babbar mota da ta ɗauko albasa daga Aliero za ta Kurmi. Gaba ya cika, sai bisa kaya. Ku gwada hawa bisa buhunan albasa da hannu ɗaya, da babbar riga, da ƙullin goro a hammata, sannan ku zo mu yi hira. Turaren da na fesa tun safe ya sallama tun kafin mu yi nisa. Haka masoyin da ya raina a-kori-kura ya shiga Maiyama, rana saura ƙiris ta faɗi.

Na iske Baffa Tamu a ƙofar gida da dattawa, idonsa a kan rana, ba a kan hanya ba. Na tuɓe takalmi na yi sallama. Sai tsohon nan ya miƙe tsaye ya miƙo mini hannu. To kun san ba a karɓar hannun babba da hannu ɗaya, balle suruki. Na dubi hannunsa, na tuna abin da nawa yake riƙe da shi. Na zaɓi ladabi.

Allah Ya yi wa wanda ya ƙago babbar riga albarka. Wando ya sauka salin alin har idon sawu, ni kuma na bi shi ƙasa na durƙusa, na baza riga na rufe shi kamar kaza a kan ƙwai. Na gaida Baffa, na gaida dattawa ɗaya ɗaya, na tambayi gida, na tambayi shanu, na tambayi zafi, na sake komawa kan gida.

Baffa ya ce, "Tashi hakanan, yaro, ga tabarma."

Na ce, "A'a Baffa, nan ma ya isa."

Wani dattijo ya ce, "Kai, wanga yaro da ladabi shike. Yaran zamani ba su durƙuso haka."

Baffa ya sake cewa in tashi, na sake gaishe shi. A karo na uku ya sunkuyo ya shinshina, ya dubi ƙafafuna inda bakin wando ya leƙo, ya ce, "Hayatu, hwaɗa mini gaskiya. Mi as same ka?"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, amma ni haukata ta ƙare a hanya. Na kwashe labari duka na faɗa, tun daga kurciya har zuwa ƙudan zuma. Da na zo kan lemo, dattijon da ya yabi ladabina sai da aka riƙe shi. Ta bayan zana kuma na ji wata dariya da na sani, na ce shi ke nan, farin wata ya faɗi.

Baffa Tamu kuwa, babu abin da ya ba shi dariya sai labarin famfo da ƙadangare. Sannan ya share ido da bakin rawani ya ce, "Hankali dai ba ka da shi, wannan mun gani. Amma ku dattawa ku shaida. An ce muna ruwa za shi zo, bai zo ba. An ce wuta za ta zo, ba ta zo ba. Wanda anka yanka ma rago bai zo ba. Wanga ɗan biro yac ce za shi zo kahin rana ta hwaɗi, ga shi ga rana, da wandonshi a hannu. Ka turo manyanka." Ya juya wajen zana ya ɗaga murya: "A samo ma baƙo igiya!"

Igiyar ɗaure akuya aka kawo. Da ita na koma Jega, kuma ban taɓa sa abin da ya fi ta daraja ba.

Almustapha kuwa, makanike ya gaya masa gaskit, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan inji, ya ƙone, kan injin ya tsage, kuma a cikin lagireto akwai abin da za a iya sayar wa yara a bakin makaranta. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Duk inda muka haɗu sai ya tsaya ya dube ni ya ce, "Lemo, Hayatu? Lemo?" ya wuce. Kayan gyaran, an tabbatar mana, suna bisa teku, jirgi ɗaya da fanbel.

Don haka Amarya tana nan inda na bar ta, ba nisa da famfon. Ina roƙon Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, in ya sake biyowa, ya tsaya ya buɗe ta ita ma. Fentinta na nan da kyau, akwai wurin kafa allo, kuma ba ta aiki. Ban ga sharaɗin da ba ta cika ba.