Ranar da Dalma Ta Aske Baltazar

"Ni Baltazar Furtado, dalma ce ke jin tsorona, ba ni ke jin tsoronta ba! Ina yaro na sha ɓare fentin gidan nan daga jikin taga in tauna kamar alewa. Ga ni nan garau, kaina ya fi na likita aiki!"

Haka maƙwabcina ya faɗa wata Lahadi a ƙofar gidan burodin layinmu a garin Fall River na Amurka, yana murza gashin bakinsa. Wani tsoho a bayanmu ya ce a hankali, "To ai yanzu mun gane dalili." Baltazar bai ji ba, don ba ya jin kowa in yana magana, kuma kullum cikin magana yake.

Abokina, sai ka ga gashin bakin nan. Baƙi wuluk, ya sha mai, gefensa biyu sun miƙe sama kamar ƙahon bijimi. Har matajinsa na musamman gare shi a aljihun gaba. Matarsa Odete takan ce da yana kula da rufin gida rabin yadda yake kula da gashin nan, da ba ta taɓa tara bokiti a ɗaki ba.

Abin da ya kawo zancen dalma kuwa jikarsu ce, Ines, 'yar shekara uku. Uwarta Celeste ta yarda za su dawo benen saman gidan iyayenta da zama, amma ka san dokarmu: ƙaramin yaro ba ya zama a gidan da ke da tsohon fenti mai dalma sai an kankare shi, duba-gari ya zo ya gani ya ce ya yi. In bai yi ba, mijin Celeste zai kwashe su zuwa can Florida mai nisa wajen danginsa. Odete da ta ji sunan Florida sai hawaye.

Ita ce ta kira Marlene Duggan, 'yar kwangila, mace mai ƙiba da murya kamar jiniyar masaƙa. Marlene ta lulluɓe ɗakunan sama da leda tun daga ƙasa har tagogi, ta sa farar riga mai hula da takunkumin roba, ta riƙa fesa ruwa a fentin tana kankarewa a jiƙe, sannu sannu, don kada ƙura ta tashi. Gogan naka kuwa yana bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ke 'yar nan, wankin gida aka kira ki ko kankarar fenti? Ina aka taɓa yi wa bango wanka?"

"Baba, koma ƙasa ka sha shayinka."

"Gidana ne, zan shiga in ga abin da kike ɓarnatarwa."

"Shigo mana. Sa takunkumi."

Ya karɓa ya ɗora, takunkumi ya zauna a kan ƙahonnin nan yana lilo, iska na shiga ta ko'ina.

"Ba ya kama fuska in akwai gashi," in ji Marlene. "Sai ka aske wannan tsintsiyar."

"Tsintsiya? Kika ce tsintsiya?"

"To buroshi, in ya fi maka daɗi."

Ni ina cikin lambuna ina ba kabejina ruwa, amma na ji komai, har mutanen layin baya sun ji. Suka yi ta yi kullum, yau ya ce tana jan aiki, gobe ya ce ledarta ta toshe masa iska. Ranar da ta gama ɗakunan ciki tsaf, saura tagogi ta waje da baranda, ya tare ta a matakala ya ce ta tattara kayanta, sauran aikin na maza ne.

Marlene ta cire takunkumi ta kalle shi daga sama har ƙasa. "Kada ka taɓa ledar nan, kada ka goge fentin a bushe. Kuma ka ajiye lambata, Janar, za ka neme ni."

"In neme ki? Sai dai in kifi ya hau tsani!"

Motarta ba ta gama shan kwana ba ya yaye ledar duka, ya buɗe tagogi wai ɗakuna su sha iska. Washegari ya yi hayar injin goge katako, ya hau tsani da singileti, gashin baki a murɗe, ya leƙo ta kan shingena.

"Tiberio! Buɗe ido ka koyi aiki! Abin da matar nan za ta yi wata tana lallaɓawa, kafin abincin rana na gama!"

Inji ya ɗauka, ƙura ta tashi fari fat. Rabi ta shige ɗakunan da Marlene ta wanke, rabi ta sauka a kansa. Kafin rana ta yi tsaka ya koma kamar wanda ya faɗa buhun fulawa, ido biyu kawai ake gani da haƙora, don dariya yake yi.

Odete ta hau sama ta ga ɗakin jikarta, ta ɗora hannu a ka. "Baltazar, ka kashe ni! Dubi gadon yarinya!"

"Haba uwargida, ƙura ce fa. Ƙura kuma iska ce maganinta."

Ya ɗauko injin hura busasshen ganye, ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya kunna. Labule ya tashi, hoton aurensu ya faɗo, ƙura ta yi waje ta taga kamar hayaƙin jirgi, ta sauka a kan shanyar matar gidan gaba, sauran kuma a kan kabejina.

A nan ne raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Kabejin nan irinsa daga tsibirinmu na asali mahaifina ya zo da shi a cikin safa. Duk layin nan babu wanda bai sha miyarsa ba. Na ɗaga kai na yi ihu, "Baltazar, kai injiniyan baka, ka zuba wa miyata guba!"

"Gishiri na sa maka kyauta, mutumina!"

Bai tsaya nan ba. Ƙurar da ta rage ya zuƙe ta da injin sharar Odete, sannan ya sauko da injin ya share falon ƙasa, injin ya amayar da ita a can. Da ya ga jikin tagogi ya yi dabbare-dabbare, sai ya malala musu sabon fenti mai kauri ya rufe su don ya bushe. Suka manne, ko ɗaya bai sake buɗuwa ba.

Ranar da duba-gari, Mista Pacheco, ya zo, Baltazar ya sa kwat ya tarbe shi kamar mai karɓar lambar yabo. Celeste ta zo ita kaɗai, ta bar yarinya a gida. Ni ma na bi su, don ina da hakkin kabeji. Mista Pacheco ya ciro 'yan tsinkayen nan masu auduga a kai, waɗanda ke yin ja in sun taɓa dalma. Ya goga a bakin taga, ja. Ƙasan ɗaki, ja. Matakala, ja. Kan firji a ƙasa, inda ko Marlene ba ta taɓa zuwa ba, ja zur.

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji shi.

"Wata mata ce ta fara, ni na gyara," in ji gogan naka.

"Na ga alama."

"Ranka ya daɗe, tsinkayen nan naka na jabu ne! Komai suka taɓa ja suke yi. Gwada su a kan abu mai tsafta ka gani!"

"Kamar me?"

Baltazar ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya turo fuska gaba, ya nuna gashin bakinsa. "Ga abin da ya fi komai tsafta a garin nan."

Mista Pacheco ya ɗaga kafaɗa, ya goga. Wallahi jan da audugar nan ta yi ya fi na tumatir.

Ni dariya ta kayar da ni a kan kujera, amma Celeste ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, da wannan bakin kake sumbatar 'yata? Mu kam Florida za mu." Odete ta kwance gyalen girkinta ta ninke a kan tebur. "A saya tikiti da ni. Ka zauna da gidanka da tsintsiyarka."

A karo na farko tun da na san shi, Baltazar ya sauke girman kai. Yana son yarinyar nan kamar ransa, wannan kowa ya sani. Da yamma ya zo bakin shingena, murya ƙasa ƙasa, wai ko ina da lambar matar nan, tasa ta ɓata.

Marlene ta dawo tana waƙa. "Janar! Kifi ya hau tsani ke nan?" Sharaɗinta ɗaya ne: wanda ya watsa ƙura shi zai taya ta kwashewa, da farar riga da takunkumi. Takunkumi kuwa ka san abin da yake buƙata.

A baranda aka yi, gaban duk layi. Ta shimfiɗa leda, ta zaunar da shi a tsakiya, ta ɗauko abin feshinta ta jiƙa gashin bakin sharkaf.

"Ruwan na mene ne kuma?" ya tambaya.

"A jiƙe ake kankarewa, Baba. Na gaya maka tun farko."

Ta aske ƙaho na dama, jama'a suka yi tafi. Ta aske na hagu, matar gidan gaba ta yi guɗa. Ta tattara gashin a leda, ta ɗaure, ta jefa cikin buhun sharar guba. Daga nan ya yi ta goge ƙasa a durƙushe har gwiwoyinsa suka kumbura, ya je asibiti aka ɗebi jininsa, ya kuma kwashe ƙasar lambuna da shebur ya zubo sabuwa, ni ina zaune a inuwa ina nuna masa inda ya tsallake.

Da Mista Pacheco ya dawo, auduga ta fito fara tas. Odete ta soya funkason sukari ta raba wa layi. Motar Celeste ta tsaya a ƙofa, Baltazar ya sauko da gudu, leɓen sama fari sol kamar cikin burodi, ya durƙusa ya buɗe hannuwa.

"Ines, zo wajen Kaka! Ni na gyara miki gidan nan da hannuna!"

Yarinya ta tsaya cak ta ƙura masa ido. Sai ta koma bayan uwarta, ta ja mata siket, ta ce da ƙarfi yadda duk layi ya ji:

"Mama, wace ce wannan tsohuwar da ta sa wandon Kaka?"