Rasuwar Faya-fayaina Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da ba zan ɓoye wa kowa ba, ni Tanko Sambo, tsohon malamin gona mazaunin Hunkuyi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara rasuwar faya-fayaina na kallo, su ɗari huɗu da goma sha biyu. Sun rasu a rataye a wata gonar shinkafa a fadamar Gazara, bayan shekara goma sha tara suna hidima a ɗakina. A cikinsu har da wanda ya fi mini sauran duka: faifan bikin 'yata Hafiza, inda mahaifiyata, Inna Indo, Allah Ya jiƙanta, ta zauna gaban mai ɗaukar hoto ta yi magana ta minti goma sha ɗaya. Ba ni da muryarta a ko'ina a duniya sai a cikinsa.

Marigayan sun yi zaman mutunci da kowa. Ɗaya bayan ɗaya na tara su, wasu ranar kasuwar Makarfi, wasu a Zariya idan na shiga karɓar fansho. Akwai na wa'azi, akwai na dambe, akwai na Indiya masu fassara, da na bukukuwan gidanmu. Ba su taɓa tambayata lambar sirri ba. Ba su taɓa ce mini babu sabis ba. In ɗayansu ya yi gardama ya tsaya yana tsik, tsik, tsik, sai ka ciro shi, ka hura masa iska, ka goge shi da bakin riga, ya koma aikinsa ba riƙo ba gaba. Har yau kunnena na jin wannan shuuu da suke yi idan suka shiga na'ura suka fara juyawa.

Jinyarsu ta faro da bazara, ranar da surukina Zainulabidin, mijin Hafiza, ya zo daga Kaduna da wani baƙin akwati a hammata, girmansa bai kai mudu ba. Ya ce sunansa sabar. Ya ce a cikinsa za a juye faya-fayan gaba ɗaya, in kishingiɗa da rimot in zaɓi abin da raina ke so. Zainulabidin irin mutanen nan ne da ba sa ƙarasa magana da Hausa, kuma ba su taɓa ganin tsohon abu sun bar shi lafiya ba. Ya dubi kantar da na jera marigayan, ya taɓe baki ya ce, "Baba, ai wannan tarkace ne. Duniya ta wuce nan tuntuni."

Da ɗan cikina ne ya faɗi haka, da ya ji amsa har maƙwabta su shaida. To, suruki ne, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin mutum da mijin 'yarsa. Na kawar da kai na ce, "Madalla. Allah Ya yi albarka."

Mako uku yana zuwa Asabar da Lahadi. Ya zauna a tabarmata ya miƙe ƙafa, ya zura faifai a kwamfutarsa, ya jira, ya ciro, ya raɗa masa suna da Turanci, ya jefa shi a buhu kamar ɓawon gyaɗa. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ba kuma zan yi wa mai rai ba: abin ya yi aiki. Ranar da ya gama, na danna rimot sau biyu sai ga Inna a talabijin, tana gyara mayafi tana yi wa mai ɗaukar hoto faɗa ya daina haska mata ido. Na ruɗu. Na yi ta kiran mutane su zo su ga akwatin kamar wanda ya sayi sabon bijimi. Sau uku na tambayi Zainulabidin ko abin da ya shiga ciki zai iya ɓacewa, sau uku yana dariya. "Har abada, Baba. Jikokin jikokinka ma za su kalla."

Da damina ta yi nisa, shinkafa ta fara fitar da kai, sai ga Ja'afar, ƙanin matata Lantana, ya zo daga Gazara yana kukan tsuntsayen jan-baki sun addabi gonarsa. Idonsa ya faɗa kan buhun a bayan ƙofa. Ya ce ai babu abin da tsuntsu ke tsoro irin ƙyallin faifai a rana, in ba ni da buƙata in taimaka masa. A ranar kuwa Zainulabidin na zaune a ɗakin, ya kawo iyalinsa gaisuwa. Shi ya riga ni amsawa, ya ce a kwashe, wuri ma suke tarewa. Allah shaida ne, hannuna ya kai bakin buhun don in ciro faifan Inna. Sai na ga idon surukina a kaina. In na cire, na nuna ban yarda da aikinsa ba ke nan, a gaban matarsa. Na janye hannuna. Ni da kaina na ɗaura wa Ja'afar buhun a bayan babur, har na ƙara masa roba don kada ya zube a hanya.

Shi kuwa akwatin har abada, watansa biyar a duniya. Lantana ta ga abu mai daraja, ta yi masa abin da ake yi wa kowane abu mai daraja a gidan Bahaushe: ta lulluɓe shi da kyalle mai kauri, ta ɗora masa fulawar roba. Babu wanda ya gaya mata yana buƙatar shan iska. Wata ranar Talata bayan azahar ya fara ƙas, ƙas, ƙas, ya yi haka kwana biyu, ya yi shiru. Mai gyara a Zariya ya buɗe shi, ya kara a kunne, ya mayar da murfin ya ce in yi haƙuri. Na kira Zainulabidin a waya. Ya ce, "Ayya, Baba! Ai kamata ya yi a adana faya-fayan, su ne madogara in irin haka ta faru." Da bakin nan nasa ya faɗa, bakin da ya ce a kwashe. Ni kuma, tsohon banza, na ce, "Haka ne. Ka gaida gida."

Washegari da sassafe na hau motar Makarfi, daga can na hau babur zuwa Gazara. Tun daga nesa na hango su, an zura su a igiya daga wannan kunya zuwa waccan, suna juyawa suna walƙiya. Ja'afar ya tare ni da fara'a, yana so in yaba masa dabara. Wai ya lura fuska ɗaya ce kawai ke ƙyalli, ɗayar duk rubutu ne da hotuna, shi ne ya sa matan gidansa suka zauna da toka da yashi suka dirje su ciki da baya, yadda ake dirje tukunya. Duk sun zama iri ɗaya. Babu rubutu, babu alama, na wa'azi da na dambe ba ka bambance su. Ko tsuntsu ɗaya ban gani a gonar ba, kuma shinkafar ta yi kyau ƙwarai, wannan ban hana masa ba. Na tsaya a tsakiyar gona da girmana na yi hawaye, shi kuwa yana ta tambayata ko ƙaiƙayi ne ya shiga mini ido.

Marigayan sun rasu sun bar tsohuwar na'urarsu, wadda har yanzu take buɗe baki tana jiransu. Da rimot ɗinta mai ɗaurin roba a ƙugu. Da ɓawon da ake saka su a ciki, ɗari huɗu da goma sha biyu, kowanne wayam. Baƙin akwatin ba ya cikin dangi, kada kowa ya yi masa ta'aziyya. Surukina ya aiko da saƙo cewa akwai wani sabo da ya ninka wancan girma, zai kawo mini da Sallah. Ina roƙon duk wanda yake jin maganarsa ya yi mini alfarma ya hana shi, tunda ni bakina ba zai iya ba.

Game da jana'iza: an kwaso gawarwakin bayan yankan shinkafa, suna ɗakina. Ba za a binne kowa ba sai an tantance. Kullum bayan la'asar nakan ɗauki ɗaya in wanke, in goge, in saka a na'ura in jira. Zuwa jiya na gwada sittin da uku, babu wanda ya motsa. Wanda ya ƙi tashi za a haƙa masa rami a bayan gida, ba taro ba sadaka.

Zaman makoki yana ƙofar gidana a Hunkuyi har sai na kai kan na ƙarshe. Kada a kawo goro, kada a kawo shawara. Abu ɗaya nake nema. Duk wanda ya halarci bikin nan, ko ya taɓa kallon faifan a ɗakina, ya zo ya zauna ya faɗa mini abin da ya tuna Inna ta ce, ko da kalma biyu ce. In akwai mai iya kwaikwayon yadda take magana, ya zo ya yi, ba zan ji haushi ba. Shekaranjiya na zauna ni kaɗai na nemi muryarta a kaina, ban same ta ba.

Sanarwa daga Tanko Sambo, Hunkuyi.