Alhaji Ido-Biyu da 'Yar Rawaya

Duk wanda ya zauna a unguwar Nima bayan shekarar yunwa ta tamanin da uku, in ya ce bai san Alhaji Jalilu ba, to ko dai baƙo ne ko mai hassada. Shi ne shugaban 'yan goro na kasuwar Tudu, mutum mai cika riga, mai haƙoran da goro ya rina suka koma kamar jan bulo. Allah ya ba shi murya, ya ba shi tumbi, ya kuma ƙara masa da abin da ya fi tinƙaho da shi, wato rashin barci. Mu 'yan fadarsa, masu taruwa kan bencin ƙofar gidansa kowace safiya muna shan kokon banza, mu muka laƙaba masa Ido-Biyu. Shi kuwa ya amshi sunan kamar an naɗa masa rawani.

"Barci na jarirai ne da marasa nauyi," haka yake ce mana. "Wanda ya ɗauki al'ummar Zango a ka, ina zai ga sararin ɗora kan nan a matashi? Ku kuna minshari ne saboda ni ina farke."

Sai mu gyaɗa kai, don baki ba ya shan koko yana musu. Har muka soma kwaikwayo. Sumaila tela, mutumin da yake iya barci a tsaye cikin motar hayar nan trotro, ya riƙa zuwa yana murza ido yana cewa shi ma jiya tunanin al'umma ya hana shi runtsawa.

Gaskiyar da kowa ya sani amma ba mai faɗa ita ce, ba tunanin al'umma ya ɗauke wa Alhaji barci ba. A shekarar da aka rushe kasuwar Makola, lokacin da ake kama 'yan kasuwa ana zane su a bainar jama'a, a gaban idonsa aka kwantar da wani amininsa. Ranar ya dawo gida ba hula ba takalmi. Tun daga nan ko taksi ta tsaya a bakin layi sai ya zabura. Wani tsohon likita ya rubuta masa wata 'yar ƙwaya rawaya, ya ce ya sha na 'yan makonni. Makonni suka haifi shekaru, ƙwaya ɗaya ta zama biyu. Alhaji yakan ciro kwalbar daga aljihun gaba ya kaɗa mana ita, ya ce wannan maganin ministoci ne, ba kowane jini ke ɗaukarsa ba.

Ana nan sai tsohon likitan ya bi sahun masu tafiya Najeriya neman abinci. Alhaji ya je asibiti karɓar ƙwaya, ya tarar da wata matashiya 'yar Tamale, Dakta Damata, a kan kujerar. Ta tambaye shi tun yaushe yake sha, da ta ji amsa ta ajiye biro.

"Baba, ƙwayar nan ta daɗe da daina ba ka barci, jikinka ne kawai ya saba da ita. Za mu rage ta kaɗan-kaɗan, kada ka yanke ta lokaci ɗaya, akwai haɗari. Daga azahar ka ajiye goro. Ka bar gyangyaɗin rana, ka riƙa tafiya a ƙasa da yamma."

Alhaji ya dawo yana huci. Ya tsaya a gabanmu ya gyara hannun riga.

"Yarinyar da ba ta kai shekarun agogona ba ce za ta ce shugaban 'yan goro ya ajiye goro? Gobe kuma ta ce kifi ya rage wanka. Wai gyangyaɗi. Ni ba na gyangyaɗi, nazari nake yi da ido a rufe. Kaɗan-kaɗan kuwa maganar masu raunin zuciya ce. Namiji in zai rabu da abu, rana ɗaya yake rabuwa da shi."

Ya miƙe ya nufi babban gwatan Nima, magudanar ƙazantar unguwa, muna biye da shi. Ya buɗe kwalbar ya zazzage ta cikin baƙin ruwan, mu kuma muka yi kabbara kamar an ci yaƙi.

Daga nan aiki ya dawo hannunmu, don a Nima likita ba ya ƙaranci, marar lafiya kawai ake nema. Malam Baba ya kawo rubutu, Alhaji ya sha ya bi shi da farin goro don kashe ɗaci. Hudu, mataimakinsa a ƙungiya, ya ce a sa ganyen lemo ƙarƙashin matashi. Sumaila ya sayo wani sassaƙe wurin wata 'yar Asante, ya rantse kakanta ya sha ya yi barci har aka fara haƙa masa kabari. Barci dai bai zo ba, amma mutanen unguwa sun samu abin kallo, don sun ga shugaba da babbar rigarsa a layin ban-ɗakin gwamnati yana roƙon a bar shi ya wuce gaba.

Kafin mako ya zagayo hannunsa ya soma rawa, shayi yana zubar masa a riga, gumi yana keto masa da sanyin safiya. Ya ce ƙarfin imani ne ke koro dafin waje, muka ce tabbas haka ne. Ran nan a Tudu, yana tsakiyar yi wa direbobi huɗuba, sai magana ta sarƙe masa. Ya kife tsakanin huhunan goro yana shure-shure, jini na fita ta gefen bakinsa. Mu likitocinsa muka watse, kowa wai ya tafi neman ruwa. Matan da ke dakon kaya ne suka tare taksi suka cusa shi a ciki.

Ya kwana biyu a asibiti ba a san inda za a kwana ba. Da ya farfaɗo, Dakta Damata ba ta yi masa gori ba. Ta ɗauki sabuwar kwalba ta damƙa wa matarsa, Hajiya Memuna mai wake-da-shinkafa, wadda ta shekara da shekaru tana jin jawabansa ba ta taɓa tafa masa ba. Hajiya ta ƙulle kwalbar a bakin zaninta. Da reza take yanka ƙwayar yadda aka nuna mata, daga rabi zuwa kwata.

"Alhaji, buɗe baki," shi ke nan jawabinta.

Bayan azahar takan lalube aljihunansa ta kwashe goro. Bayan la'asar ta tasa shi gaba har unguwar Maamobi su dawo a ƙasa. Alhaji ya sanar cewa ya fara rangadin duba halin talakawa. Ranar farko duk muka raka shi, da muka gane babu tsire a ƙarshen rangadin sai uzuri ya yi mana yawa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Watanni ya yi yana rama, wata rana ya yi faɗa, wata rana ya roƙe ta ko ɓarɓashin ƙwayar. Maƙwabta sun ce wata safiya sun hango shi zaune kan turmi a bakin murhunta, karon farko yana ba ta labarin abin da ya gani a ranar bulala, tana juya tukunya tana saurare, shi yana share fuska da hularsa.

Sai ga wata Talata da damina. Motocin goro za su iso daga Kumasi, ga kuma rikici tsakanin direbobin Legas da masu lodi, wanda Alhaji ya shaida mana tun jajibere cewa in ba shi ba, sai an zubar da jini. A daren ne barci ya ɗauke shi, na gaske, ba ko ɓarɓashin ƙwaya a cikinsa. Asuba ta wuce, hantsi ya dubi ludayi, Hajiya ta ce duk wanda ya tashe shi sai ta wanke shi da ruwan wake. Mu muka sha kokonmu a kan benci muka wuce Tudu, inda hada-hadar lodi ta mantar da mu shi.

Gab da azahar ya diro daga trotro a Tudu, hula a karkace, yana haki. Motoci sun yi lodi sun tafi. Direbobi da masu lodi sun shirya tun da safe a teburin mai shayi. An share rumfa, Hudu yana zaune yana ɓare goro.

"Yaya aka ƙare da ba na nan?" in ji Alhaji. "Wa ya tsaya? Mutum nawa aka ji wa ciwo?"

Hudu ya ɗago kai ya dube shi cikin ladabi.

"Au, Alhaji, da ma ba ka nan ne?"

Ba wanda ya yi dariya a cikinmu, don tambayar da ke bakin kowa ke nan, Hudu ne kawai ya riga mu.